Tsakanin Gida Biyu: Me Muka Ajiye a Kan Dutse?

 Waɗanda suka gama jarrabawa sannunku da fama, masu jiran sakamako kuma Allah ya sa a ji alheri.

Maganar hutu zan yi yau. A gidajenmu in aka ce hutu, ɗaya cikin uku ne. Ko dai shekarar zuwa gida ce, a ɗure akwatuna da tsaraba har sai an yi ciniki da masu awo a filin jirgi. Ko a tafi Umara. Ko kuma, in aljihun Baba bai amsa ba a bana, a kwashe mu zuwa gidan Anti a Birmingham mu yi sati biyu a falo muna faɗa kan rimot. Ban raina ko ɗaya ba. Amma ku tsaya ku lissafa da ni. Da yawanmu nan aka haife mu, nan muka yi firamare da sakandare, fasfon ƙasar nan ne a jakarmu, amma Birtaniyar da muka sani ba ta wuce tashar bas, makaranta, masallaci, shagon mai naman halal da filin jirgi ba. Akwai wanda zai kai ka Kantin Kwari ido rufe, amma bai taɓa ganin tunkiya tana kiwo a ƙasar da aka haife shi ba.

Ƙasar nan tana da gandun shaƙatawa na ƙasa guda 15. Ɗaya daga cikinsu, Eryri da ke arewacin Wales, shi muka je mu shida bayan jarrabawa: mata huɗu, sai yayana da ɗan Antinmu, don kun san ba a barin mu mu tafi haka nan. Da na kai wa Umma maganar sai ta ajiye ludayi ta dube ni ta ce, "Me kika ajiye a kan dutsen? Mun baro ƙauye mun kawo ku birni, ke kuma za ki biya kuɗi ki je ki sha wahala?" Ba laifinta ba ne. A wurin iyayenmu tafiyar ƙasa ba nishaɗi ba ce, abin da ake yi ne in babu mota. Dutse kuwa, a tatsuniyoyin da suka taso da su, gidan kura ne da aljanu. Shi kuma Baba tambayarsa ɗaya ce: "Akwai irinmu a can?" Wannan ta fi ta Umma nauyi, kuma zan zo kanta.

Da farko, kada ku ji an ce gandu ku ɗauka irin Yankari ne. Babu giwa, babu geti, babu mai yankar tikiti. Eryri ƙasa ce mai faɗin murabba'in mil 823, cikinta akwai garuruwa da gonaki da makarantu, kimanin mutum 26,000 ke zaune a ciki, kuma yawancin filin ba na gwamnati ba ne, na manoma ne da masu ƙasa. Tumakin da za ka gani warwatse a jikin duwatsu duk da masu su. An kafa gandun a 1951. Turawan Ingila Snowdonia suke ce masa, babban dutsen kuma Snowdon, haka mu ma muka karanta a makaranta. Amma a watan Nuwamba na 2022, bayan mutum sama da 5,000 sun sa hannu a takardar koke, hukumar gandun ta yanke cewa da sunayen asali na yaren Welsh za ta riƙa kiransu ko da Turanci take yi: Eryri da Yr Wyddfa.

Kada rubutun ya tsorata ku. "dd" ɗin nan kamar harafin zal na Larabci ake faɗinsa, yadda malamin tajwidi ke so a fito da shi, harshe a bakin haƙora. "f" kuma "v" ce. Sai ya fito kusan "Ar Wizva". Ma'anarsa kushewa, wato tulin duwatsun da ake yi a kan kabari. Tatsuniyarsu ta ce wani basamude ne mai suna Rhita Gawr, wanda ke kashe sarakuna yana ɗinka alkyabba da gemunansu, Sarki Arthur ya kashe aka binne a saman. Kun ga ashe su ma dutsensu bai rasa nasa dodon ba.

Tsayinsa mita 1,085. Ya fi kowane dutse a Wales da Ingila, sai a Sikotilan ne ake samun waɗanda suka kere shi, irin su Ben Nevis mai mita 1,345. Ga masu son gori, Chappal Waddi na jihar Taraba mita 2,419 ne, ya ninka shi har da ɗoriya. To amma kada wannan ya sa ku raina shi. Tawagar John Hunt, wadda ta fara taka ƙololuwar Everest a 1953, a waɗannan duwatsun ta yi atisaye, kuma sa hannun 'yan tawagar yana jikin silin otal ɗin Pen-y-Gwryd da ke gindin hanya.

Manyan hanyoyin hawa shida ne. Wadda ta fi cika ita ce ta garin Llanberis, mil 9 zuwa da dawowa. Ita ce mai tsawo amma hawanta a kwance yake, tana bin gefen layin dogo. Mu ta Pyg muka hau, muka sauko ta Miners, wato hanyar masu haƙar ma'adinai. Dukansu biyu daga Pen-y-Pass suke tashi, wanda shi kansa yana mita 359, ka ga tun kana zaune a bas an rage maka kusan kashi ɗaya cikin uku na hawan. Mun kwana a wani masauki mai arha a Llanberis. Shi ma sunan sai an koya: "ll" ɗin, ka ɗora harshe kamar za ka ce "l" sai ka hura iska ta gefen baki, kamar mage ta ji haushi. Da sassafe muka hau bas ɗin Sherpa zuwa Pen-y-Pass. Wurin ajiye motoci a can ɗan ƙarami ne, a lokacin cunkoso sai ka kama wuri tun kafin ranar, kuma 'yan sanda sun sha jan motocin da aka bari a gefen titi. Bas ya fi kwanciyar hankali.

Awa ɗayan farko matakalar dutse ce zalla, manya-manya, ba a yi su don gajerun mutane irina ba. Hira ta mutu tun a minti na ashirin. Abin da kake ji kawai numfashinka da kukan tumaki. Sai ka iso wata mashiga da ake kira Bwlch y Moch, ma'anarta mashigar aladu. Eh, aladu, muka yi a'uzubillahi muka wuce. A nan ne duniya ke buɗewa lokaci ɗaya. Ƙasa da kai ga tafkin Llydaw a shimfiɗe, baƙi wuluk, duwatsu sun kewaye shi kamar kofaton doki, can ƙarshe kuma ga ƙololuwar da ka zo nema, in gajimare ya yarda ka gan ta. Wata ƙawata da ba ta iya yin shiru ko a ɗakin karatu, nan ta tsaya baki buɗe, abin da ta iya cewa kawai "Ikon Allah".

Kuma a daidai nan ne nake so ku buɗe kunne, musamman samari. A wannan mashigar hanya ta rabu biyu. Ta hannun dama tana hawa Crib Goch, wata siririyar kafaɗar dutse mai kama da bakin wuƙa, rami dama rami hagu, wani wurin sai ka kama da hannu biyu kana jan jiki. Hotunanta ne ke yawo suna jan hankali, kuma ta ci rayuka ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. Ba ta ɗan koyo ba ce, ba ta ranar iska ba ce, ba kuma ta wanda ke son ya burge abokai ba ce. In ka ga mutane sun karkata dama, kada ka bi su don kawai suna gabanka. Hanyar Pyg tana tsallake ɗan tsanin shinge ne ta miƙe ta gefen dutsen, tafki na hagunka.

Daga nan tafiyar ta yi daɗi. Hanya ta ɗan kwanta, sai ga tafki na biyu, Glaslyn, ƙarami, ruwansa tsakanin shuɗi da kore. Tagulla aka haƙa a gefensa shekaru da yawa, kangayen ɗakunan ma'aikatan na nan har yanzu, kuma gadar duwatsun da ta ratsa tafkin Llydaw a 1853 aka gina ta don fitar da ma'adinin. Ka tuna fa, hanyar da kake hawa sau ɗaya kana ganin ka yi jarumta, wasu ita ce hanyar zuwa aikinsu, rani da hunturu. Bayan Glaslyn sai hawan ƙarshe, mai lanƙwasa dama da hagu, wanda ke raba mai ƙarfi da mai cika baki. Yayana da ke zuwa ɗaga ƙarfe sau huɗu a sati, a nan ya fara tsayawa kowane minti biyar wai yana ɗaukar hoto. A saman lanƙwasar akwai dogon dutse da aka kafa a tsaye don alama. Ku riƙe shi a ranku, don in hazo ya rufe shi ne zai nuna muku inda za ku juya wajen saukowa. Kana wuce shi iska za ta mare ka, mari na gaske.

Abin dariyar shi ne a nan za ka haɗu da jirgin ƙasa. Tun 1896 akwai ɗan jirgi da ke hawa daga Llanberis, layinsa na da haƙora a tsakiya da yake cizo don kada ya zame. A saman kuma akwai gini mai suna Hafod Eryri da aka buɗe a 2009, ana sayar da shayi a ciki a watannin da jirgin ke kaiwa can. Kai ka iso a jiƙe, gwiwa na rawa, sai ka ga wani ya sauko daga tarago da silifas yana hamma. Na ji masu hawan dutse na gaske suna yi wa jirgin nan kallon raini, wai ya ɓata dutsen. Ni dai ban bi su ba. Da wannan jirgin ne za ku iya kai Hajiya da Alhaji su gani da idonsu, kuma gani ya kori ji. Abin da ya fi ba ni mamaki layi ne. A kan ƙololuwar akwai ɗan ginshiƙi da kowa ke son ya taɓa a ɗauke shi hoto, kuma mutanen ƙasar nan, a mita 1,085, cikin iska, sai da suka ja layi tsaf. Dutsen na karɓar mutane dubu ɗaruruwa a shekara, don haka wanda ke neman kaɗaici kada ya zo ranar Asabar ta watan Agusta.

Mun iso ne cikin gajimare, ba ka ganin komai sai fari. Muka fake a bayan wani dutse muka buɗe filas. Can bayan kamar minti ashirin sai gajimaren ya yage kamar an ja labule, ga tafkunan biyu ƙasa da ƙafafunmu, ga teku, ga tsibirin Anglesey a shimfiɗe. Ranar da sama ta washe sosai har duwatsun Wicklow na ƙasar Ailan ana hangowa. Mu namu rabon bai fi minti biyar ba labulen ya koma. Amma wallahi a minti biyar ɗin nan sai ka ji tasbihi na fita daga bakinka ba tare da ka shirya ba.

A gefen Glaslyn muka yi sallah wajen saukowa, azahar da la'asar, ƙasaru tunda matafiya ne. Alƙibla daga can kudu maso gabas take, kamfas ɗin hanya ya isa ya nuna maka. Ruwan alwala kam ba a magana, sai da haƙorana suka amsa. Muna cikin sallah wasu tsofaffi biyu, miji da mata, suka iso. Hanyar ta gabanmu ta bi, sai suka ja suka tsaya da sandunansu har muka sallame, sannan suka wuce suna murmushi. Ba su ce komai ba, mu ma ba mu ce ba.

To, maganar shiri. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma dutsen nan ba tsayinsa ke kayar da mutane ba, yanayinsa ne. Yankin Crib Goch na samun ruwan sama sama da milimita 4,000 a shekara, alhali Landan da muke ta ƙorafi a kanta kimanin 600 take samu. Kowane mita 1,000 da ka hau zafi na raguwa da kimanin digiri 6, ga iska a kai. Sai ka bar Llanberis da rana tsaka ka tarar da hunturu a sama. Don haka hasashen yanayi na kan duwatsu za ka duba, ba na gari ba, kuma in ya ce iska mai ƙarfi, ka fasa, dutsen ba gudu zai yi ba.

'Yan uwana mata, abaya mai jan ƙasa ba ta dutse ba ce. Za ki taka bakinta a kan matakala, iska kuma ta mai da ke lema. Wando mai faɗi, doguwar riga zuwa gwiwa, rigar ruwa a sama, da ɗan hijabin da ba sai an sa masa fil ba: sutura ta cika, kuma kina iya ɗaga ƙafa. Ku kuma samari, jins da farin kambas na gayu a bar su a gida. Jins in ya jiƙe ba ya bushewa, yana manne a jiki yana zuƙe ɗumi, kuma ta haka sanyi ke shiga har mutum ya fara rawar ɗari, magana ta harɗe, tunani ya rikice. Takalmin but mai riƙe idon sawu, suwaita, hula da safar hannu ko da a watan Yuli ne, tocila, ruwa kamar lita biyu, da taswirar takarda mai lamba OL17, don waya in ta ji sanyi batirinta mutuwa yake yi, sabis ma ba ko'ina ba. Guzuri kuwa mu muka fi kowa sa'a: dabino, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, dambun nama. Dambun da aka yi a nan fa, ban ce wanda aka ɓoyo a ƙasan akwati ba, kun san kwastan sun hana. Duk abin da ka hau da shi ka sauko da shi, har ɓawon ayaba. Tun 2023 hukumar gandun ke kamfen na raba dutsen da robobi, kada a ce mu ne.

In wani abu ya faru, 999 za ka kira, ka nemi 'yan sanda, sannan ka ce masu ceto na kan dutse. Amma ku san su waye ke zuwa. 'Yan sa-kai ne, ba albashi, mutane masu aikinsu da iyalinsu, da za su bar tuwon dare su hau dutse cikin ruwa saboda wani ya taho da silifas. Ƙungiyar ceto ta Llanberis kaɗai ta amsa kira sama da 300 a 2023. Da hunturu kuwa maganar ta canza gaba ɗaya. Rana na faɗuwa wajen ƙarfe huɗu a Disamba, ƙanƙara na rufe hanya, har ita ta Llanberis da ake cewa mai sauƙi ta hallaka mutane a saman gangaren Clogwyn Coch. Wannan lokacin na masu kayan ƙanƙara ne da suka san aikinsu. Mu 'yan koyo, daga Mayu zuwa Satumba ya ishe mu, mu ware awa shida zuwa bakwai.

Washegari ƙafa ba ta takuwa, sai muka zaga gari. Daga Llanberis kana hango wani dutse da aka yanke hawa-hawa kamar matakalar samudawa. Mahaƙar Dinorwig ke nan, inda aka riƙa fasa baƙin dutsen nan mai rabuwa falle-falle da ake rufin gidaje da shi. A ƙarshen ƙarni na 19 sama da mutum 3,000 ke aiki a wurin, da yawa ƙurar dutsen ta cinye musu huhu, aka rufe ta a 1969. Yanzu cikin dutsen tashar lantarki ce da aka buɗe a 1984. Dabararta ta burge ni: lokacin da wuta ke arha sai a tura ruwa zuwa tafkin da ke sama, lokacin da buƙata ta tashi farat ɗaya, misali an tafi hutun rabin lokaci a wasan ƙwallo kowa ya jona butar shayi, sai a sako ruwan ya juya injuna cikin daƙiƙoƙi. A 2021 UNESCO ta sa mahaƙun wannan yanki cikin wuraren tarihi na duniya.

Ɗaya babbar mahaƙar, Penrhyn, tana Bethesda, ba nisa. A can aka yi yajin aiki daga 1900 zuwa 1903, ɗaya daga cikin mafi tsawo a tarihin Birtaniya. Wanda ya bunƙasa ta tun farko, Richard Pennant, dukiyar gidansu daga gonakin rake na Jamaika ta fito, inda bayi 'yan Afirka ke aiki, kuma a majalisa yana cikin masu adawa da hana cinikin bayi. Da wannan kuɗin ya shimfiɗa hanyoyi ya gina tashar ruwa a gefen Bangor. Wato tun kafin a haifi kakannin kakanninmu, gumin baƙar fata ya riga ya shiga ƙasar nan.

Wannan ya kawo ni tambayar Baba. Gaskiya ita ce ba mu da yawa a can. A garin Llanberis kana iya ƙirga baƙaƙen fata da yatsun hannu, kuma eh, ana kallo. Yawanci kallon mamaki ne, mutane na gaisuwa a kan hanya fiye da yadda ake yi a Landan nesa ba kusa ba. Amma tsoron Baba ba daga iska ya ɗauko shi ba. Ranar Kirsimeti ta 2021 ƙungiyar Muslim Hikers, wadda Haroon Mota ya kafa a 2020, ta kai mutum sama da 100 kan dutsen Mam Tor a gandun Peak District. Da hotunan suka fita a Facebook sai zagi ya biyo baya, wai sun cika wuri, wai ba su san darajar karkara ba. Ƙungiyar ba ta fasa ba, sai ma ƙara cika da tafiye-tafiyenta suka yi. Kafin su, a 2019, Rhiane Fatinikun ta kafa Black Girls Hike a Manchester saboda wannan dalilin dai.

Abin da masu zagin ba sa son tunawa shi ne su ma kakanninsu an taɓa hana su. Duwatsun Ingila na masu sarauta ne da attajirai, suna ajiye su don harbin tsuntsaye, masu gadi na korar talaka da sanda. Ranar 24 ga Afrilu 1932 ɗaruruwan ma'aikata daga Manchester da Sheffield suka hau dutsen Kinder Scout da gangan, ba izini. Aka ɗaure biyar daga cikinsu. Jagoransu Benny Rothman shekararsa 20, sa'anmu ke nan, ya sha wata huɗu a kurkuku. Kuma ku ji wannan: iyayensa baƙi ne, Yahudawa da suka yi hijira daga Romaniya, shi aka haifa a Manchester. Ɗan baƙi, haihuwar nan, kamar ni da ku. Gwagwarmayar irin su na cikin abin da ya kai ga dokar 1949 da ta ba da damar kafa gandayen, daga baya dokar 2000 ta buɗe duwatsu da filayen da ba a nomawa a Ingila da Wales ga mai tafiya da ƙafa. Dokar ba ta tambayi launi ba, ba ta tambayi inda kakanka ya fito ba. Harajin da iyayenmu ke biya daga tuƙin tasi da aikin dare a asibiti na cikin kuɗin da ake kula da gandayen nan. Ni a ganina wanda aka ba shi haƙƙi ya ƙi amfani da shi, ya sauƙaƙa wa mai cewa ba nasa ba ne. In yara 'yan Wales da 'yan Ingila sun saba ganin hijabi a kan dutse tun suna ƙanana, ƙannenmu ba za su sha kallon da muka sha ba.

Akwai wani abu kuma da ban je nema ba amma na taho da shi. A wani shago a Llanberis, yarinyar da ke karɓar kuɗi, sa'armu, tana hira da wani ƙaramin yaro da yaren Welsh, da layi ya zo kanmu ta juya Turanci, muna matsawa ta koma yarenta. Ba don 'yan yawon buɗe ido take yi ba, harshen gidansu ke nan. Ƙidayar 2021 ta nuna kimanin mutum 538,000 ke jin yaren a Wales gaba ɗaya, amma a gundumar Gwynedd, inda dutsen yake, kashi 64 cikin 100 ne. A ƙarni na 19 akwai makarantun da ke rataya wa yaro ɗan katako a wuya in an ji shi yana Welsh, wanda katakon ya kwana a wuyansa a tashi ya sha bulala. Iyayenmu da suka yi makarantar kwana a gida, ku tambaye su, da yawansu sun san irin wannan hukuncin kan Hausa. Mutanen nan ba su bari ba. Sun yi ta fama har suka samu tashar talabijin tasu, S4C, a 1982, gwamnatinsu ta sa burin kaiwa masu magana miliyan ɗaya nan da 2050, ga shi har dutsensu sun karɓo masa sunansa. Hausa tana da masu magana miliyoyi barkatai, ba ta cikin haɗari a Kano ko Damagaram. Amma a falonmu na Peckham da Moss Side tsara ɗaya ta isa ta ɓace, ba tare da kowa ya rataya mana katako ba. A jirgin dawowa muka kafa doka: Hausa zalla, wanda ya fara sakin Turanci shi zai sayi shayin kowa. Ba mu kai tasha ta biyu ba ɗan Anti ya zaro walat.

Ga masu niyya, jirgin ƙasa daga Euston zuwa Bangor awa uku da ɗoriya ne, daga Manchester da Birmingham ma akwai hanya, daga Bangor kuma bas zai kai ku Llanberis. Akwai masallaci a Bangor ga wanda tafiyarsa ta faɗa Juma'a. Naman halal sai a hankali a ƙauyukan, ku taho da naku ko ku haƙura da kifi da dankali. Ku sayi tikiti da wuri da katin rangwamen ɗalibai, ku haɗa kuɗin masauki. Kuma kada ku sa wani aiki washegarin dawowa, don cinyoyi sai a kwana na biyu suke kawo ƙararsu. A gidanmu mutum biyu ne suka yi sallar asuba a zaune.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. Wassalam.